Takardar da Na Ba Sannu-Sannu

Ba wanda yake kiransa da sunan yanka a ofishinmu. Sannu-Sannu muke ce masa a bayan ido, in kuma muna gabansa mu ce Baba. Tuƙinsa ne ya jawo masa sunan. Ko titi ya zama wayam, ba ya ƙara wa motar wuta fiye da yadda ya saba, in ka matsa masa sai ya ce, "Mai gudun jiya yana kwance a asibiti, ko mu biya mu gaishe shi?" Dogo ne siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa, kullum da biro a aljihun gaban rigarsa. Shekara shida ya yi yana tuƙa mu, ni ce kuma sanadin barinsa aiki.

Mu ƙungiyoyi huɗu ne a ɗakuna biyu, bayan wani shagon sayar da fenti. Akwai tamu ta koyar da manya karatu da rubutu, wadda nake shugabanta tun da na bar aikin makaranta. Akwai ta nakasassu, shugabansu kowa Ciyaman yake ce masa, mutum ne mai yawan barkwanci da ke yawo a keken guragu. Akwai ta masu ba da jini kyauta, a hannun wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji da muke kira Likita, ko da yake shi da bakinsa yakan ce ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Ta huɗu ita ce ta masu kula da marayu, wadda Hajiya ke riƙe da ita.

Ba ƙauna ce ta haɗa mu ba, rashi ne. Babu ɗaya a cikinmu da za ta iya riƙe ofis ita kaɗai, shi ya sa muka haɗa kai muka kama wuri ɗaya, da injin kwafi ɗaya mai cin takarda, da Sakatariya ɗaya da ke buga wa kowa wasiƙa. Daga baya wasu masu taimako suka ba mu bas mai cin mutum goma sha huɗu, bisa sharaɗin cewa ta mu huɗun ce. Hajiya ce ta kawo direba. Ta ce maƙwabcin ƙanenta ne, tsohon direban babbar mota, ba ya shan komai, ba ya rigima. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa tambaya ko ɗaya. Ni na ɗauka Likita ya yi, Likita ya ɗauka Hajiya ta yi, ita kuwa Hajiya ta ɗauka tun da ta kawo shi sauran aikin namu ne.

Watannin farko faɗa muka sha a kan motar nan. Kowa ranarsa ta fi ta kowa muhimmanci. Sai muka kafa farin allo a bango, Sakatariya na rubuta wa ke da mota, yaushe, zuwa ina. Baba ne ya ba da shawarar kowace ƙungiya ta samu launin alƙalaminta: ja na masu jini, shuɗi na nakasassu, kore na marayu, baƙi namu. Ya ce ta haka ko daga bakin ƙofa mutum ya tsaya zai gane. Har yaba masa na yi, na ce dattijon nan akwai tsari.

Labarin rayuwarsa a gutsuttsure na ji shi, a kujerar gaba, yawanci ina gyaran littattafan ɗalibaina ina amsa masa da "uhm." Mahaifinsa ɗan dako ne a tasha, ya rasu Baba yana da shekara tara. Wani direba ya ɗauke shi yana wanke masa mota, daga nan ya koyi sauya taya, ya koyi sauraron inji, har aka sakar masa sitiyari. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan babbar mota yana ɗaukar siminti da takin zamani, yakan yi sati uku bai ga gida ba. Ya san hanyoyi kamar tafin hannunsa. Zai ce maka bayan gada ta biyu akwai gidan mai mai jan rufi, daga nan sai kwana, ka rage gudu don akwai makaranta. Ciwon baya ne ya sauke shi. 'Ya'yansa huɗu, kuma duk ya kai su makaranta har suka gama. Babbar 'yarsa malamar firamare ce, in ya zo maganarta har zama yake gyarawa.

Aikinsa bai tsaya a tuƙi ba. Shi ke ciccibar mutanen Ciyaman ya sa su a mota, ya naɗe kekunansu ya ɗaure a sama. Shi ke zama da wanda jiri ya ɗebe shi bayan an ɗauki jininsa, yana yi masa fifita da kwali. Ya san marayan da mota ke sa shi amai, yakan ajiye masa kujerar jikin taga. Ma'aikacin kowa ne, amma ranar da bayansa ya riƙe ya yi kwana biyar a gida, babu ɗayanmu da ya je dubiya. Kowa ya ɗauka wani ya je.

Akwai abubuwan da na gani da idona ban kawo komai a raina ba. In aka miƙa masa takarda yakan laluba aljihu ya ce, "Kash, na bar tabarau a gida, me suka ce?" In muka je aji, maimakon ya kwanta a mota kamar sauran direbobi, sai ya zauna a ƙarƙashin taga. Na taɓa leƙowa na ce, "Baba, ko za ka shigo ka taya ni koyarwa ne?" Ya yi dariya ya ce inuwa ce ta fi sanyi a nan. Wata rana kuma ina haddace jawabin da zan yi a wurin taro, na karanta masa shi tun daga ofis har zauren. A ciki na ce wanda bai iya karatu ba da makaho duk ɗaya suke, sai an ja shi, kuma abin kunya ne a ce babban mutum yana dangwala yatsa a wannan zamani. Na tambaye shi ko ya yi daɗi. Ya ce, "Ya yi, Malama. Gaskiya kika faɗa."

To, a shekararsa ta shida wata gidauniya mai raba littattafai ta aiko cewa mutanenta biyu za su zo su ga ajinmu na mata da ke can ƙarshen gari. Rabin yini kawai za su yi. Shekara biyu ina bin mutanen nan da wasiƙu. Ranar Alhamis za su zo, kuma Alhamis dama ranarmu ce a allo, sai dai a ƙa'ida ƙarfe tara Baba ke ɗaukata daga ofis. Na tsara cewa ni zan riga kowa zuwa aji in shirya matan, shi kuma ya ɗauko baƙin daga masaukinsu ƙarfe bakwai da rabi.

A wannan makon Sakatariya ba ta nan, an yi wa mahaifiyarta aiki tana jinya a asibiti. Ranar Laraba da la'asar ina kan waya da mutanen gidauniyar, injin kwafi ya cinye mini takardu, kaina ya ɗauki zafi. Baba ya leƙo yana sallama zai tafi gida. Na yago takarda na rubuta sunan masaukin, da layin da yake, da sunayen baƙin, da lokaci, na miƙa masa ba tare da na cire waya daga kunnena ba. Ya dube ta, ya ɗan tsaya. Na yi masa alama da hannu cewa ya je kawai. Ya ninke ta ya sa a aljihu bayan biron nan, ya ce, "To, Malama."

Washegari mata arba'in da biyu suka hallara tun bakwai. Wasu sun rufe rumfunansu na kasuwa, wasu sun bar wanki a jiƙe. Wata tsohuwa mai shekara saba'in ta yi mako biyu tana bitar shafi ɗaya da za ta karanta wa baƙi. Na kashe ƙarar wayata na jefa ta a jaka don kada ta dame mu, muka shiga gwaji. Takwas ta yi, na ce ai Sannu-Sannu ne. Tara ta yi, na fara leƙa hanya. Sai tara da rabi ta wuce na tuna da waya. Kira goma sha ɗaya daga baƙin, shida daga Baba. Akwai kuma saƙo cewa sun jira awa biyu, sun ɗauki tasi sun wuce gari na gaba, ana jiransu a can.

Na kira shi.

"Baba, kana ina?"

"Ina ƙofar ofis, Malama. Tun bakwai da kwata nake nan ina jiranki. Na yi ta kira ba ki ɗauka ba."

"Ofis? Wa ya ce ka je ofis?"

Na kashe wayar. Na koma na tsaya gaban matan nan da suka sha kwalliya na ce musu baƙi ba za su zo ba. Tsohuwar ta rufe littafinta a hankali ta ce, "Ba komai, Malama, ai mun karanta wa kanmu." Wannan magana maimakon ta sanyaya mini rai, sai ta ƙara hura wutar.

Na nemi a yi taron shugabanni ranar Litinin. Kwana huɗu na yi ina dafa maganar a cikina. Dama akwai tsohon zargi a tsakaninmu, cewa tun da Hajiya ta kawo shi, ɗan gidanta ne, ranarta ba ya makara, ranar wasu kuwa sai yadda ta yiwu. Ba gaskiya ba ne, bai taɓa makara wa kowa ba, amma mai fushi ba ya rasa itacen hura wuta.

Muka zauna mu huɗu a kewayen teburin Sakatariya, Baba yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Likita ya ce ya zauna, ya ce a'a, bayansa ya fi son tsayuwa. Na zayyana komai, shekara biyun da na yi ina bin gidauniyar, matan da suka rufe rumfuna, tsohuwa da shafinta, har da zargin nan na fifita Hajiya. Abu ɗaya na tsallake, kiransa shida da ke cikin wayata.

Hajiya ta ce, "Baba, me ya faru?"

Ya ce, "Kuskure aka samu, Hajiya. Na ɗauka ofis zan zo da wuri."

Na ce, "Kuskure? Ban ba ka takarda ba?"

"Kin ba ni."

"Tana ina?"

Ya zaro ta daga aljihu, a ninke kamar yadda ya sa ta.

Ciyaman ya turo kekensa gaba kaɗan ya ce, "Malama, a bar maganar takardar nan. Mutum ya ce ya yi kuskure, ai shi ke nan."

Na ce, "Ba shi ke nan ba. Kada gobe a ce ni ce ban rubuta daidai ba. Baba, karanta mana abin da ke ciki kowa ya ji."

Ya laluba aljihu. "Na bar tabarau a gida."

Likita, bawan Allah, da zuciya ɗaya ya cire nasa ya miƙa masa. "Ga nawa, Baba, ai shekarunmu ɗaya, zai yi maka."

Baba ya karɓa ya sa. Ya buɗe takardar ya riƙe ta da hannu biyu. Sai ya ɗora ɗan yatsansa a ƙarƙashin layin farko, yatsan ya tsaya cak a wurin, bai matsa ba. Leɓɓansa a rufe. Gumi ya keto masa a goshi duk da fankar da ke juyawa a kanmu.

Shekara goma sha biyar ina koyar da manya. Wannan yatsan na gan shi ya fi sau ɗari, a ranar farko ta kowane sabon aji, wurin mutumin da ya ce ai ya ɗan iya, mantawa ya yi. A daidai wannan lokacin na gane. Na gane tabarau, na gane launukan allo, na gane zaman ƙarƙashin taga. Lambobi kawai ya sani, ya ga bakwai da talatin a takardar ya ɗauka sammako nake so.

Da nan abin ya tsaya, da na ce rashin sani ne. Amma na gane, kuma ina da damar in karɓe takardar in ce rubutuna ne ba ya karantuwa, in yi dariya a wuce wurin. Ban yi ba. Mutum uku suna kallona, na riga na hau dokin zuciya, na ji nauyin saukowa a gabansu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Muna jinka, Baba."

Ana jin mai shagon fenti yana jan gwangwanaye ta bayan bango. Can Baba ya cire tabarau ya goge shi da bakin rigarsa ya mayar wa Likita. Ya ninke takardar ya ajiye a gabana. Ya ciro makullin mota ya ɗora a kanta.

Ya ce, "Laifina ne. Ku yafe ni. Na gode da zaman da aka yi. Akwai mai a mota, tayar baya ta hagu tana son iska."

Ya sa hularsa ya fita. Ciyaman ya bi shi yana kira, amma kafin ya fitar da kekensa daga ƙofar, Baba ya sha kwana. Da Ciyaman ya dawo bai dube ni ba. Hajiya, wadda ke rubuta bayanin taron a madadin Sakatariya, ta tambaya me za ta sa. Daga ƙarshe ta rubuta cewa direba ya yi sakaci ya ajiye aiki.

Bayan kwana uku Sakatariya ta dawo. Yarinya ce da na girme ta da shekara ashirin, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta karanta bayanin taron, ta rufe ƙofa, ta wanke ni tas.

Ta ce, "Anti, kin san me ya sa nake zuwa bakwai da rabi alhali takwas ne aikina? Kullum da safe sai na karanta masa allon nan, da duk wata takarda da aka ba shi, muna shan shayi kamar hira muke. Sau ɗaya nake faɗa, ya riƙe. Shekara shida bai taɓa ɓata wa kowa tafiya ba. Ranar Larabar nan ya kira ni sau biyu, ina wajen Mama an hana mu waya."

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Ni da aikina ke nan?"

"Shi ya roƙe ni. Ya ce gara kowa ya sani da a ce ke kin sani. Ciyaman ya daɗe da ganewa, shi ya sa ba ya tura masa saƙo sai na murya. Ke ce dai inuwar giginya, Anti, na nesa ka sha."

Na shiga ɗaki na biyu na zauna gaban akwatunan littattafan koyon baƙaƙe, waɗanda Baba ne ya shigo da su a kafaɗarsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Sai da na yi mako biyu ina ɗaga ranar kafin na iya zuwa gidansa. Sakatariya ce ta kwatanta mini, don ni ban sani ba. Wani lungu ne bayan masu facin taya, gidan haya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ranar Asabar ce da hantsi. Matarsa na tarar tana jera robobin ruwan sanyi a cikin kula, sana'arta ke nan. Na yi sallama na faɗi ko ni wace ce.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce Malamar?"

Na ce ni ce, Mama.

"Kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba." Ta ɗaga labule ta ce, "Maigida, ka yi baƙuwa."

Yana kwance a tabarma da matashi a ƙarƙashin ƙugunsa. Ya yunƙura zai tashi na ce don Allah ya yi zamansa. A bangon ɗakin takardun shaidar kammala karatu ne na 'ya'yansa, cikin gilashi, an jera su daga babba zuwa auta, babu ƙura ko kaɗan a kansu. Na durƙusa a bakin tabarmar. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara. Na gane tun kana riƙe da takardar, kuma ban yi shiru ba."

Ya ce, "Na san kin gane. Na ga fuskarki."

Wannan ya fi mini zafi fiye da ya zage ni.

Ya ce, "Tashi ki zauna a kujera, Malama, ba kyau babbar mace tana durƙuso. Na yafe. Ni ma da laifina. Da na buɗe baki ranar Laraba na ce ki faɗa mini da baki, da ba a yi haka ba. Girman kai ne irin na tsofaffi."

Na ce zan riƙa zuwa gida ina koya masa, mu biyu, ba wanda zai sani. Wata shida ya isa, mutum mai kai irin nasa.

Ya yi murmushi. "Sau uku na yi niyyar gaya miki. Na farko har na shirya yadda zan fara, ranar nan da za ki yi jawabi. Sai kika karanta mini jawabin." Ya gyara matashin. "Ba ƙin karatun nake ba. Amma yanzu in na ga takarda a hannunki gabana faɗuwa yake. Ba zan iya zama a gabanki ba, kar ki ji haushi."

Na ce to ya dawo bakin aikinsa, zan tsaya gaban shugabanni in ce laifina ne.

"In kin ce laifinki ne, za su ce to me ya hana shi karantawa. Sai kin faɗa. Gara a bar shi a sakaci. Direba ya yi sakaci, ai ba a kansa farau ba."

Matarsa ta shigo ta dire mini robar ruwa. Na sha don kada in ƙara wani laifin.

A taro na gaba na faɗi abin da zan iya faɗa ba tare da na tona shi ba. Na fito da wayata na nuna musu kiransa shida, na ce na ɓoye wannan ranar Litinin, kuma zargin da na yi cewa yana fifita Hajiya ƙarya ne. Hajiya ta ja layi ta soke kalmar sakaci. Likita ya yi ta juya tabaraunsa a hannu, can ya ce, "Ni da na san haka ne, da na ce nawa ma ya fashe." Ashe shi ma ya gane daga baya, ya kwana biyu yana jin kunyar kansa. Ciyaman ya ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne, mun iya raba ranakun mota amma ba mu taɓa raba wa zai san halin mai tuƙa ta ba. A ranar aka yanke cewa duk ma'aikacin da muke tarayya a kansa, a samu mutum ɗaya a cikinmu da zai zama nasa, wanda zai san gidansa, ya ji kukansa. Aka ba Ciyaman direba, aka ba Likita Sakatariya. Ni ban nemi a ba ni kowa ba, ba a kuma yi mini tayi ba.

Ciyaman da Likita sun je har gida sau biyu suna roƙonsa ya dawo. Ya karɓe su da fara'a, ya raka su bakin titi, amma ya ce a'a. Muka ɗauki wani matashi mai takardar difloma, yana karanta komai, yana kuma tuƙi kamar ana binsa. Mutanen Ciyaman har yau suna ƙorafi. Baƙin gidauniyar kuwa sun dawo bayan wata huɗu, suka ga ajin, tsohuwa ta karanta shafinta, suka aiko mana da littattafai kwali tara. Wato babu abin da na rasa a ranar Alhamis ɗin nan da bai dawo ba.

Yanzu Baba yana tuƙa motar wani gidan burodi, yana raba wa shaguna talatin da wani abu kowace safiya. Mai gidan burodin ya gaya wa Ciyaman cewa bai taɓa kai na wani shagon wani ba. Watan jiya na gan shi a ƙofar wani shago kusa da gidanmu yana sauke kaya. Na tsaya muka gaisa, ya tambayi Sakatariya da jikin mahaifiyarta, ya tambayi yaron nan mai amai a mota ko an bar masa taga. Na ce masa ina so in rubuta abin da ya faru, ba zan sa suna ba, amma in bai yarda ba na fasa.

Ya yi dariya har da riƙe baya. "Rubuta abinki, Malama, ai ba karantawa zan yi ba."

Na sunkuyar da kai. Ya ce wasa yake yi. Ya ce bayan zuwana gidansa ya kira babbar 'yarsa ya zaunar da ita, ya ce yana da maganar da ya ɓoye mata tun tana ƙarama. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ta sani tun tana aji uku, ranar da ta kawo masa sakamakon ƙawarta bisa kuskure ya duba ya sa mata albarka. Yanzu takan zo ranar Lahadi da littafin 'yan aji ɗaya. Sun kai harafi na goma sha ɗaya, ya ce, kuma malamar akwai faɗa, ba ta duba cewa shi ya haife ta.

"In kin gama ki aiko da kwafi, ta karanta mini. Amma ki faɗi gaskiya, ranar nan ban yi kuka ba."

Na ce zan faɗa. Mai shagon ya leƙo yana tambayar ina sauran burodinsa, Baba ya ce in ɗan matsa, na tare masa ƙofar mota.